Aikin idon sawuna: likitan ya iya, ranar sallama ce ta ɓata komai

Wata tara na yi ina ɗingishi kafin a gano abin da ke damun ƙafata. Matakalar bene na kuskure, ƙafar dama ta gurɗe, idon sawu ya kumbura suntum. Inda na fara zuwa aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaga shi a haske, aka ce babu karaya, targaɗe ne, in sa ƙanƙara in ɗaure da bandeji. Kumburin ya saɓe, ciwon ya ƙi tafiya. Can cikin gaɓar yake, inda yatsa ba ya kaiwa. In na yi doguwar tafiya, kafin yamma ƙafar ta cika takalmi, wani lokacin kuma ta maƙale kamar tsakuwa ta shiga ƙarƙashin ƙyaure.

Shi ya sa na nufi wannan asibitin ƙashi, kuma gaskiya ranar farko sun burge ni. Likitan bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya sa na miƙe ƙafar, yatsu suna kallon ƙasa, ya danna babban yatsansa a gaban gaɓar, na zabura. Ya ce, "Nan ne ko, Malam?" Na ce nan ne, Likita, wata tara ke nan ina neman wanda zai taɓa wurin. Ya tura ni hoton MRI, na'urar nan mai maganaɗisu da ƙara kamar ana sassaƙa a kunnenka, wajen rabin awa ba motsi.

Da sakamako ya fito sai ya juyo da kwamfutar gabana. Ya nuna min ƙashin da ƙwauri yake zaune a kansa, wanda suke kira talus. Ya ce fiye da rabin jikinsa guringuntsi ne ya lulluɓe shi, kuma lokacin da ƙafar ta gurɗe, gefensa ya daki ƙashin sama, wani ɗan yanki na guringuntsin ya ɓantare tare da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna guringuntsi, shi ya sa na farkon bai ga komai ba. Guringuntsi kuma ba shi da hanyoyin jini, ba ya haɗewa da kansa yadda ƙashi yake yi. Yankin da ya ɓantare min milimita 11 ne. Ya ce da ya wuce 15, da sai an yi maganar ɗebo wani daga gwiwa a dasa.

Aikin kansa ba ni da ta cewa. Allura a gadon baya, ƙananan huji biyu a gaban idon sawu, ɗaya na kyamara, ɗaya na kayan aiki. Suka kankare abin da ya ɓantare, suka huda ƙashin ƙanana-ƙanana don jini da ɓargo su fito su cike gurbin. Tun kafin a shiga ya gaya min abin da zai tsiro a wurin ba zai kai guringuntsin asali ƙwari ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar. A ranar, da an miƙo min takarda, tauraro biyar zan ba su.

To, ranar sallama. Takardar da aka ba ni sunayen magani ne kawai da ranar cire zare. Na tambayi malamar jinyar da ke kan aiki, "Sista, yaya zan yi da ƙafar?" Ko ɗagowa ba ta yi daga fayil ɗin da take cikewa ba, ta ce, "Ka riƙa takawa kaɗan-kaɗan, kada ta sandare." Wanda ke sanye da farin kaya ya faɗa, wa zai yi musu? Na koma gida ina takawa. Banɗaki, falo, bakin ƙofa, ina cije leɓe ina ganin jarumta nake yi. Kwana huɗu. A na biyar na tashi ƙafar ta cika takalmin roban da suka sa min tam, tana zogi kamar ana buga ganga a ciki. Na kira lambar da ke saman takardar, sau bakwai, tana shiga ba a ɗauka. Sai da aka ɗauke ni aka mayar.

Likitan ya kwance ƙafar, ya dube ta, ya dube ni. "Wa ya ce ka taka?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya dafe goshi. Sannan ya ce jinin da ya daskare a gurbin nan shi ne aikin gaba ɗaya, kamar ɗanyen siminti yake, a tsarinsa sati shida ba a ɗora masa nauyi. Motsa gaɓar daban, taka ta daban. Wai ya gaya min bayan an fito da ni daga tiyata. Wataƙila ya faɗa. Mutumin da allura ba ta sake shi ba, ko sunansa da ƙyar yake amsawa, shi za a ba wa umarnin da aikin ya rataya a kansa, da baki, sau ɗaya? Layi guda a takarda ya isa. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri. Malamar ma na sake ganinta ranar cire zare, ta gaishe ni da fara'a kamar ba a yi komai ba.

Kuma tunda na fara, har da sandunan dogarawa. An miƙo min su ba a gwada tsawona ba, suna tokare min hammata har yatsun hannu suka fara dindiris. Sai a sashen gashin ƙashi wani matashi ya rage musu tsawo, ya bar tazarar yatsu biyu zuwa uku a ƙarƙashin hammata, ya ce nauyin a tafin hannu ake ɗora shi. Shi kam Allah Ya saka masa. Shi ya koya min rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa, jan roba, daga baya tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe, abin da na raina sai da ya kusa kayar da ni.

Yanzu wata bakwai da aikin. Maƙalewar ta daina, ina tafiyata ba ɗingishi, kuma wanda ya tambaye ni likitan zan ce ya je, amma kada ya bar gadon sai an rubuta masa ranar da zai fara takawa, da sa hannun likitan. Tauraro uku na ba su, biyu na likitan, ɗaya na yaron gashin ƙashi. In ina saukowa daga bene har yanzu takan yi min tsam a daidai wurin da ya danna ranar farko, ni kuwa kwana huɗun nan nake tunawa.