Gargaɗi kan masu karɓar kuɗi da sunan neman babbar lamba

A makon jiya ɗan yayata, wanda ke karatun lissafi a jami'a, ya nuna mini wani saƙo da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp, inda wani mutum yake neman a biya shi kuɗin rajista domin ya saka wa mutane manhaja a waya, wadda a cewarsa za ta riƙa laluben babbar lamba marar rabuwa, in an dace a raba kyautar daloli. Kafin ya zo wurina, yaron ya riga ya tura kuɗin littattafan da mahaifiyarsa ta ba shi, kuma tun daga ranar ba a ƙara ɗaga wayarsa ba.

Abin da ya sa wannan tarko yake kama har masu ilimi shi ne an lulluɓe shi da gaskiya. Lamba marar rabuwa ita ce wadda babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, kamar 7 ko 31, kuma lalle ana neman manyansu ta shirin GIMPS, wani aikin haɗin gwiwa na 'yan sa-kai masu amfani da kwamfutocinsu, wanda George Woltman ya kafa a 1996. A watan Oktoba na 2024 Luke Durant ya gano wata mai alƙaluma 41,024,320, wadda ake samu idan aka jera biyu sau 136,279,841 aka ninka su, sannan aka cire ɗaya. Haka kuma gidauniyar EFF ta Amurka ta ware dala 150,000 ga wanda ya fara samo mai alƙaluma miliyan ɗari.

Abin da mazambacin ya ɓoye shi ne cewa manhajar wannan aiki, Prime95, kyauta ce, babu rajistar kuɗi kuma babu dillali. Durant ya yi hayar manyan na'urori ne a ƙasashe 17, kuma kafin tasa, rabon da a samu sabuwa tun Disamba 2018. Wanda ya ce wayar hannu za ta kawo riba duk wata, ƙarya yake shararawa.

Abin da ya fi sosa mini rai, a matsayina na malamin lissafi, shi ne hoton da mazambacin ya tura a matsayin hujja: shafi cike da alƙaluma, wai ƙarshen lambar da mutanensa suka gano ke nan. Na sa yatsa a kan alƙalamin ƙarshe na ce wa yaron ya karanta, sai ya ce biyar, ya yi shiru. Duk lambar da ta ƙare da 5 tana rabuwa da biyar, komai tsawonta, kuma ɗan firamare ya san haka. Irin lambobin da GIMPS ke nema, waɗanda ake kira na Mersenne, in ban da 3, ba sa ƙarewa sai da 1 ko 7. Tsawon lambar ne ya firgita yaron har ya manta abin da ya sani.

Duk wanda ya riga ya biya, ya ajiye shaidar turawa da lambar asusun, ya sanar da bankinsa, sannan ya kai ƙara hukumar EFCC. Ya kuma goge manhajar, domin wadda na gani a wayar yaron ta nemi izinin karanta saƙonninsa, har da na banki.