Wace Manhajar Haɗa Bidiyo Za Ka Fara da Ita? Duba Yanka Kafin Ado

Yawancin masu neman manhajar haɗa bidiyo a karon farko suna fara kallon abin da bai kamata ya zama na farko ba: yawan salon sauyi, wato tiranzishin, adon da ake sakawa a mahaɗar guntayen bidiyo biyu, da ake tallatawa. Wannan tana da ɗari, waccan tana da dubu. Amma wanda ya taɓa zama ya haɗa bidiyon gida na minti biyar ya san cewa kusan duk lokacinsa a yanka yake tafiya: tsaga guntu biyu, cire ɓangaren da hannu ya yi rawa, matso da na gaba ya cike gurbin. Saboda haka tambayar da ta fi cancanta ita ce, yaya manhajar take bi da guntayen bidiyonka, kuma kwamfutarka za ta iya ɗaukarta?

Mu fara da wadda ƙila tana hannunka ba ka sani ba. Mai Windows 11 yana da Clipchamp, wadda Microsoft ta saya a 2021, bayan an daina Movie Maker a 2017. Tana fitar da bidiyo mai ingancin hoto har 1080p kyauta ba tare da manna tambarin kamfani ba, kuma saka sauyi a cikinta bai wuce ka ja shi ka ajiye tsakanin guntaye biyu ba. Matsalarta ita ce tana son intanet, kuma idan aikin ya yi tsawo sai ta fara jan ƙafa. Mai kayan Apple kuwa yana da iMovie kyauta. Abin da nake so game da ita shi ne layin aikinta yana rufe giɓi da kansa: ka goge guntu, na bayansa ya matso. Sabon shiga ba zai wayi gari ya ga baƙin fili na daƙiƙa uku a tsakiyar bidiyonsa ba. Sai dai ba ta ba ka damar jera hotuna hawa-hawa da yawa. Babban layi ɗaya ne da wani guda a samansa.

CapCut ta kamfanin ByteDance ita ce ta fi farin jini wurin masu gajerun bidiyon tsaye na waya, kuma ta cancanci hakan, don ba ta da wuyar koyo. Amma a kula: da yawa daga cikin sauye-sauyen da suka fi ɗaukar ido na masu biyan kuɗi ne, kuma za ta bar ka ka saka su, sai ka zo fitarwa sannan ta tare ka. Filmora ma haka take ta wata fuskar, domin nau'inta na kyauta yana manna tambarin kamfani a kan bidiyon. Gwaji ne kawai, ba wurin zama ba.

Sai manya. DaVinci Resolve ta Blackmagic Design tana da nau'in kyauta wanda ba ya manna tambari a aikin yau da kullum, yana kuma fitarwa har 4K. A ganina babu wata kyauta da ta kai ta. Tun 2019 aka ƙara mata shafi na musamman don yanka cikin sauri, wanda ya rage wa sababbi ruɗani. Amma fa tana cin ƙarfin na'ura; idan ram ɗinka, wato ma'ajiyar aikin wucin gadi ta kwamfuta, bai kai gigabait 16 ba, kuma babu katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta) mai kyau, za ka sha jira. Premiere Pro ta Adobe haya ake yi, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. Final Cut Pro ana iya sayenta sau ɗaya, a kan Mac. Duka biyun sun fi ƙarfin wanda burinsa bidiyon ranar da jaririnsa ya fara tafiya.

Wanda kwamfutarsa ta kwana biyu, ya duba Shotcut ko Kdenlive. Kyauta ne gaba ɗaya, ba rajista, ba tambari. Fuskarsu ba ta da kwalliya, amma a Shotcut idan ka ja guntu ya hau kan ƙarshen na gabansa, wurin da suka haɗu da kansa yake zama narkewa, wato hoton farko ya dusashe cikin na biyu, kana ganin tsawonsa da idonka.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke sa sababbi su zaci manhaja ta lalace. Sauyi ba daga sama yake faɗowa ba, hotuna yake ci. A ce bidiyonka firem 30 ne a daƙiƙa, wato hotuna 30 jere da juna, kana son guntu na farko ya narke cikin na biyu na tsawon daƙiƙa ɗaya. Manhajar tana buƙatar rarar firem 15 bayan inda ka yanke na farko, da wasu 15 kafin inda na biyu ya fara. Idan ka jera guntayen yadda suka fito daga waya ba ka rage komai ba, babu rarar. A nan halin kowace manhaja yake fitowa. Premiere za ta gargaɗe ka cewa za ta maimaita firem, sai ka ga hoton ya ɗan daskare a tsakiyar sauyin. Resolve da Final Cut za su tambaye ka ko su datse guntayen, abin da zai rage tsawon aikin, kuma idan ka riga ka daidaita shi da kiɗa, sai lissafi ya ɓaci. Maganin tun wurin ɗauka yake: ka fara naɗa daƙiƙa biyu ko uku kafin abin da kake so, ka kuma bari ya ɗan wuce kafin ka tsayar.

To sauyi nawa mutum yake buƙata? Uku sun ishe ni. Yanka kai tsaye, wanda shi ne mafi yawan abin da kake gani a fina-finai ba tare da ka lura ba. Narkewa, idan lokaci ya shuɗe ko an canja wuri. Sai dusashewa zuwa baƙi a farko ko ƙarshe. Su juye-juye da tauraro mai fashewa, a ranar farko suna burgewa, bayan shekara biyu kunya suke ba mutum. Abin da ya fi su amfani shi ne manhajar ta bar ka ka raba sauti da hoto, muryar guntu na gaba ta fara shigowa kafin hotonsa ya bayyana. Wannan 'yar dabarar tana sa mahaɗa ta yi laushi fiye da kowane ado.

Akwai kuma tarkon bidiyon waya. Wayoyi da yawa suna naɗa da tsarin matse bidiyo na HEVC, wanda ba ya cin wuri amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma adadin firem ɗinsu yana hawa da sauka yayin ɗauka. Sakamakon shi ne baki ya riga murya, ko murya ta riga baki. HandBrake, wadda ita ma kyauta ce, tana mayar da irin wannan fayil zuwa adadi tsayayye. Ka kuma duba ko manhajar tana yin kwafi mara nauyi da za ka yi aiki da shi kafin fitarwa. Resolve, Premiere, Final Cut, Shotcut da Kdenlive duk suna yi.

Kafin ka biya ko sisi, ɗauki guntaye biyar daga wayarka, ba bidiyon gwajin da kamfani ya tanada ba. Tsaga ɗaya, goge rabi ka ga ko giɓin ya rufe, saka narkewa a wuri guda, sannan ka fitar da shi ka kalla a wayar da za a kalle shi. Yi haka a manhajoji biyu ko uku, kana lura da inda hoto ya tsaya cak da inda aka nemi katin bankinka.