Principal da Principle: Amsa Ga Ɗan Uwanmu Na Argungu

Ɗan uwanmu na Argungu ya rubuta takardar neman aikin koyarwa, ya sa "The Principle" a saman adireshi, sai abokinsa ya ce masa ya yi kuskure. Shi kuwa yana ganin da principle da principal duk furuci ɗaya ne, don haka yake tambaya ina bambancin yake. Malam, abokinka yana da gaskiya, kai ma kunnenka bai yaudare ka ba, domin a baki kalmomin nan ɗaya suke, sai an zo takarda suke rabuwa.

Principal, wadda ta ƙare da p-a-l, ita ce sunan shugaban makarantar da za ka miƙa wa takardar. Tana kuma nufin abin da ya fi girma ko ya zo gaba, shi ya sa ma'aikatan banki suke kiran uwar kuɗin da aka ranta principal, don su bambanta ta da ruwan da ake ɗora mata. Principle kuwa, wadda ta ƙare da p-l-e, ƙa'ida ce ko aƙidar da mutum ya tsaya a kai, kamar yadda ake cewa "a man of principle" ga wanda abin duniya ba ya sa shi sauya magana. Ba a kiran mutum da ita ko kaɗan, saboda haka takardarka, yadda take yanzu, ƙa'ida ka aika wa. Dukansu biyu daga kalmar Latin princeps suka fito, mai nufin na farko, wato 'yan gida ɗaya ne da kowace ta kama sana'arta.

Abin da ya sa wannan ke ba Bahaushe wahala, a ganina, shi ne matsalar harshenmu kishiyar ta Turanci ce. Mu a boko muna rubuta gari na mutane da gari na tuwo da haruffa ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, amma da an furta, tsawon wasali ko karin sauti ya raba gardama. Mun saba kunne ne alƙali. A Turanci kuwa sau da yawa kunne ba shi da hukunci, ido ne yake da shi. Dalilin yana cikin tarihi: William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, rubutu ya soma daidaituwa, alhali furucin wasulan Turanci yana cikin babban sauyi wanda ya ci gaba har ƙarni na 17. Da can meet da meat furucinsu daban ne, kuma ana furta k ɗin knight da w ɗin write. Baki ya yar da su, takarda ta riƙe, shi ya sa yau knight ya zama ɗaya da night, write kuma ɗaya da right.

Wadda ta fi kama da taka ita ce stationary da stationery. Na taɓa tsayawa sayen biro a wani shago a Birnin Kebbi, ga litattafan rubutu da ambulan jibge har rufi, allon kuma an rubuta masa "Stationary" da jan fenti mai kyau. Mai a-r-y tana nufin abin da yake tsaye cak, kamar tirelar da ta lalace a bakin hanya, mai e-r-y ita ce kayan rubutu. Abin dariyar shi ne mai shagon bai yi nisa da tarihi ba, domin stationer asalinsa mai sayar da littattafai ne da ke da rumfa a wuri ɗaya, saɓanin ɗan koli mai yawo. Idan ta rikice maka, tuna e ɗin envelope, wato ambulan, wadda ita ma kayan rubutu ce.

Sai dai kada a haɗa waɗannan da wani rukuni na daban, inda Turawa suke jin bambanci sarai, mu ne harshenmu yake haɗe su. Advice suna ne, shawarar kanta, kuma ƙarshenta sautin s ne, advise kuwa aikatau ne, ba da shawarar, da sautin z. Haka loose, abin da ya yi sako-sako, da s take ƙarewa, lose kuma, yin asara ko ɓatar da abu, da z. Ga kuma p da f, waɗanda Hausa ba ta raba su, balle mu nan yamma da muke cewa tahi a maimakon tafi, sai ka ji full ta koma pull, file ta koma pile. Wannan rukunin gyaransa a kunne da baki yake, kuma irinsa ne ake gwadawa a sashen furuci na jarrabawar Turanci ta WAEC. Principal da principle kuwa, ko shekara ka yi kana sauraron rediyo ba za ka ji bambancinsu ba, sai dai ka haddace rubutun tare da ma'anarsa a cikin jimla.

Idan ka kai takardar shagon buga takardu, ka tsaya a kan mai bugawa ka duba adireshin da idonka kafin ya fitar. Kwamfuta ba lallai ta ja wa principle jan layi ba, tunda a wurinta kalma ce ingantacciya, ba ta kuma san wa kake rubuta wa ba.