Gyaran tsofaffin motocin V8 a Amurka: kaya a wadace, aikin hannu da tsada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makanikai na gida. Ga bayani kan motocin nan masu injin V8, wato mai silinda takwas, na shekarun 1964 zuwa 1972, irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Charger, waɗanda ake tsintowa a tsofaffin gareji a mai da su sababbi.

Kayan da a Ƙofar Ruwa ko Panteka sai an sha yawo kafin a dace da na hannu, a nan Amurka sabo ne fil. Ka faɗa wa kamfani irin Summit Racing na Ohio shekarar mota da girman inji, cikin kwanaki ya iso ƙofar gida. Kai, har gangar jikin Camaro ta 1969 sukutum kamfanin Dynacorn na ƙerawa. Amma ladan aiki da awa ake lissafa shi, sau da yawa ya haura dala 100 a awa ɗaya. Kwankwasa da waldar da yaranmu ke yi a gindin bishiya, su ke cinye kuɗin mai mota a nan.

Shi ya sa mai saye ke fara duba tsatsa kafin inji. A Michigan da Ohio ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ya ci ƙasan mota, don haka motar Arizona, inda yanayi ke a bushe, ta fi daraja. A Mustang, ruwa na taruwa a ramin iskar da ke gindin gilashin gaba. In wurin ya ɓule, ruwan ya zubo kan ƙarfen ƙasa ya ruɓar da shi. Zuba bokitin ruwa a ramin, ka ɗaga kafet ka duba. Sannan ka bi jikin motar da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cika aka rufe da fenti.

Injin kuwa mai ke kashe shi. An yi shi don fetur mai dalma, wanda aka hana zuba wa motoci tun 1996. Dalmar ce ke kare mazaunin bawul, don haka yanzu ana sa mazaunin bawul mai tauri. Fetur ɗin yanzu yawanci yana da kashi 10 cikin 100 na etanol, yana cin tsohon tiyon roba, yana jawo danshi cikin tanki da kafireta. Baƙin man zamani kuma an rage masa sinadarin zink, alhali tsohon kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, na bukatarsa. In an sa sabon kamshaf, a zuba mai mai zink, a tayar da inji a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, har tsawon minti 20 zuwa 30. In aka bar shi a silo, kamshaf ya cinye, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina.

Kada a yi wasa da birki. Mustang ta 1965 masta, wato famfon man birki, mai tukunya ɗaya gare ta, in layi ɗaya ya fashe, birkin ƙafafu huɗu ya tafi. A sauya mai tukunya biyu, a sa birkin faifai a gaba.

Wanda ke son sayarwa a gwanjon Barrett-Jackson ko Mecum, ya adana injin asali ko da ya sa wani, domin lambar da ke jikinsa in ta dace da ta motar, farashi na tashi sosai. Sifanonin Peugeot da Toyota kuma ba za su yi ba. Notocin nan da inci ake auna su, a tanadi 1/2 da 9/16.