Farin yu da koren yu: wanne ya fi tsufa?

Alhaji, ka ce a kasuwar Hualin ta birnin Guwanzu a ƙasar Sin an nuna maka mutum-mutumi biyu na wani tsoho mai ƙaton goshi, da aka sassaƙa da dutse mai daraja da ake kira yu, ɗaya fari ɗaya kore shar, mai shago ya dage duka na zamanin daular Ming ne, kana tambaya wanne abin yarda.

Tsohon nan Shoulao ne, wanda mabiya addinin Tao ke ɗauka a matsayin abin bautarsu na tsawon rai. Za ka gan shi da sanƙo, sanda a hannu ɗaya, ɗan itace a ɗayan, wani lokaci barewa a gefensa. Amma siffarsa ba za ta gaya maka shekarunsa ba, don har gobe ana sassaƙa shi haka. Dutsen za ka duba.

Sinawa na kiran duka biyun yu, alhali duwatsu ne daban, kamar yadda Bafaranshe Alexis Damour ya tabbatar a 1863. Farin, idan na gaske ne, nefrait ne daga kogunan Hotan a Shinjiyan. Shi ne dutsen da Sin ta sani tun dubban shekaru. Ba ya ƙyalli, sheƙinsa na maiƙo ne, kamar an shafa masa man shanu. Mafi tsadarsa ma kitsen rago suke ce masa, kuma wallahi sunan ya dace. Dutsen ya wadata a fada bayan sarki Qianlong na daular Qing, wadda ta gaji Ming, ya ci yankin a 1759, shi ya sa kyawawan ayyuka da yawa na lokacinsa ne.

Koren kuwa jadait ne daga Kachin ta ƙasar Bama, mai ƙyalli kamar gilashi. Bai shigo Sin da yawa ba sai ƙarni na 18, ita kuwa Ming ta faɗi tun 1644. Ka ga nan maganar mai shago ta karye. Ga shi ana wanke jadait da asid, a ɗura masa roba, a rina shi don ya yi kama da mai tsada.

Farin ma kada ka saki jiki. Da can ba a yanka yu da wuƙa, goga shi ake yi da yashi mai tauri da ruwa, a kan faifan da ake juyawa da ƙafa, aikin watanni. Sa madubin ƙara girma a gemun tsohon da ninkin rigarsa. Aikin hannu layukansa ba sa zuwa daidai wa daida, na injin lantarki kuwa sumul suke, bakinsu da 'yan ɓantare.

Ni dai ina ganin duka biyun sababbi ne. In ma farin ya tabbata tsoho, dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911, kwastan za su riƙe shi.