Rikoda ta Zoom H4n Pro a hannun malamin kiɗa na jami'a

Ɗalibi ba ya jin kansa sosai lokacin da yake kaɗawa ko rerawa, domin hankalinsa na kan yatsu da numfashi. Shi ya sa malamin da ke koyar da kiɗa a aikace, ko mai jagorantar ƙungiyar makaɗa, yake buƙatar abin da zai mayar wa ɗalibi da sautinsa yadda ya fito. Wannan rikoda ta kamfanin Zoom na Jafan, wadda ta fito a 2016, tana yin wannan aiki da kyau, muddin an san inda take yi wa mutum tarko.

A kanta akwai makirufo biyu da suka gitta juna, ana murɗa su zuwa digiri 90 ko 120. Ga ɗalibi ɗaya da mai raka shi da fiyano, 90 ya isa. A ɗora ta kan sanda mai ƙafa uku, tazarar mita biyu zuwa uku, daidai tsayin kai ko sama kaɗan. Idan ƙungiya ce babba, a buɗe zuwa 120, a kafa ta bayan jagora, a ɗaga ta sama da kansa, in ba haka ba na sahun gaba za su danne na baya. In an matso da ita da yawa, za a ji gogar baka a kan tsirkiya da shan numfashi fiye da kiɗan. In an yi nisa, amsa-kuwwar ɗaki ta cakuɗe komai. Kada a riƙe ta a hannu, kuma kada a aza ta kan fiyano, duk motsi yana shiga.

Babban abin da ke ɓata rikodin jarrabawa shi ne matakin ƙara, kuma nan ya kamata malami ya natsu. Kafin a fara, a sa ɗalibi ya kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a cikin kiɗan, a daidaita da hannu har ma'auni ya tsaya wajen -12. Idan ya kai 0, wato ƙololuwar ma'aunin, sautin ya fashe, kuma babu gyara. A kashe daidaitawa ta kai-da-kai, domin da ƙara ta yi yawa na'urar za ta rage mataki a tsakiyar kiɗa, duk abin da ya biyo baya ya fito ƙasa. A kashe na'urar matse sauti ma, saboda tana kusanto da mai taushi da mai ƙarfi, alhali wannan bambancin ne masu ba da maki suke saurare. Haka a kashe tacewar da ke yanke sautuka masu kauri: tana farawa daga has 80 (has shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ga shi kuwa tsirkiya mafi kauri ta celo, babban gogen Turawa, tana wajen 65, makullin fiyano mafi kaurin sauti yana 27.5. An yi tacewar ne domin iska da magana.

Sai maɓallin REC. Dannawa ta farko shiri ne kawai, fitila tana ƙyaftawa, ma'auni yana motsi, mutum ya ɗauka aiki ya kankama. Sai an sake dannawa, fitilar ta tsaya ja, agogo ya fara ƙirga. Duk wanda za a bar wa na'urar ranar jarrabawa, a nuna masa wannan sau biyu.

A ɗauka da tsarin fayil na WAV, a saita ingancinsa a bit 24, kilohas 48. Awa ɗaya tana cin kusan gigabayit ɗaya, kuma na'urar ba ta karɓar katin SD da ya wuce gigabayit 32, wato wajen awa talatin. A goge katin a cikinta, kada a yi a kwamfuta. Sunayen fayil ba sa nuna kowa, don haka a faɗi sunan ɗalibi da kwanan wata da baki a farkon kowace ɗauka.

A darasi, abin da muka fi yabawa shi ne maimaita gaɓa ɗaya tsakanin wurare biyu da aka yi wa alama, da rage saurin sauraro zuwa rabi. Ɗalibin da ke gaggawa a wuri mai wuya yakan musa in an faɗa masa, amma da ya ji da kunnensa gardama ta ƙare. A yi sauraron da abin kunne, ƙaramin lasifikarta na tabbatar da ɗauka ne kawai.

Rauninta a fili yake. Tana jinkirin tashi idan kati ya cika da fayiloli, allonta ƙarami ne, batir biyu na AA kuma ba sa daɗewa idan an jona makirufon waje mai buƙatar wutar bolt 48 ta ramukan jona makirufo na XLR. Don bikin kiɗa na awa biyu, a jona ta da wutar bango. Sashen da ke bai wa ɗalibai aro su ɗauki sautin kansu gara ya duba rikodar Zoom H4essential ta 2024, wadda ba ta buƙatar daidaita mataki. Ga malamin da zai tsaya ya daidaita da hannunsa, H4n Pro ta isa atisaye da jarrabawar ƙarshen zango.