Tsaunukan Indiya: na yamma za ka biya wa, ko na gabas?

'Yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba da ke zuwa Indiya sarin kaya, ejan kan tallata musu 'yan kwanaki na shan iska a kan tsauni kafin su dawo Legas. Kafin ka zaro kuɗi, Alhaji, ka tambaye shi wane tsauni, don jeri biyu ne, duk Ghats ake ce musu, amma ba su yi kama ba.

Na yamma katanga ce guda, kimanin kilomita 1,600 a gefen Tekun Arabiya, daga sama da Mumbai har kusan ƙarshen ƙasar. Ƙololuwarsa, Anamudi, mita 2,695 ce, ta ɗara Chappal Waddi namu na Taraba. Iskar damina daga teku nan take cin karo, ta juye ruwanta. Shi ya sa garin Munnar na jihar Kerala yake kore shar, gonakin shayi a jere a jikin gangara, hazo na sauka har bakin taga da safe. A 2012 UNESCO ta sa tsaunukan yamman cikin wuraren gado na duniya. Musulmi kuma suna da yawa a Kerala, masallaci da abincin halal ba sa wahala.

Sai dai daga Yuni zuwa Satumba, a kul. Wanda ya saba da ambaliyar Legas zai ce ai ruwa ne kawai, to can ƙasa ce ke zaftarewa, kamar yadda ta yi a gundumar Wayanad ta Kerala a Yulin 2024, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Hanyoyin ma kwana-kwana ne, mai jiri a mota ya shirya.

Na gabas guntu-guntu ne. Kogunan Godabari da Kirishna, waɗanda suka taso daga na yamman, su suka ratsa su a hanyarsu ta zuwa Tekun Bengal. Ƙololuwar na gabas ba ta kai ta na yamma tsayi ba, ruwan samansu ma bai kai ba. Abin zuwa gani shi ne kwarin Araku: jirgin ƙasa daga birnin Visakhapatnam na bakin teku, ta cikin ramukan dutse, ga kogon Borra, ga gahawa. Guguwar teku kan bugi wannan gaɓa daga Oktoba zuwa Disamba.

Ni dai da kuɗina, na yamma zan zaɓa, tsakanin Disamba da Fabrairu. In da dattijo mai ciwon gwiwa a tafiyar, a hau jirgin Araku.